Hoton Dutsen Guga Shida

Shekara ashirin da biyu Hannatu tana dillanci a Gumel, kuma ba a taɓa miƙa mata kaya ta rasa kuɗin da za ta sa musu ba. Kwalla ce, gadon ƙarfe ne, atamfar da aka ɗaura sau uku ake rantsuwa sabuwa ce, da ta juya abu sau ɗaya a hannu ta san inda zai tsaya. Tana kuma da ƙa'ida guda da duk matan gari suka san ta da ita: ba ta kai kaya gaban mai saye da datti. Tukunya sai ta sha toka, zane sai ya sha wanki, takalmi sai an ɗinke bakinsa. Da wannan ta yi suna, da shi ta aurar da 'ya'ya huɗu.

To, sai ga hoton Hezekiah.

Shi Hezekiah masinja ne a sakatariya, mutumin Filato, ya rasu bayan damunar 1994 ya bar matarsa Selina da yara uku, babbarsu Charity. Selina ta yanke shawarar komawa garinsu can wajen Pankshin, ta aika a kira Hannatu ta kwashe abin da mota ba za ta ɗauka ba. Kujeru, kabad, risho, duk Hannatu ta sa musu kuɗi tana tsaye, ko zama ba ta yi ba. Sai Selina ta shiga ɗaki ta fito rungume da wani falankin katako, an maƙala masa takarda mai kauri da 'yan ƙarafa a sama.

"Yaya Hannatu, wannan ne babban," in ji ta.

Hannatu ta duba. Dutsen guga ne na lantarki, har da igiyarsa, an buga shi sau shida a jere, uku sama uku ƙasa. Ɗaya ja, ɗaya kore, ɗaya ruwan hoda, ɗaya ruwan ɗorawa, sauran biyun ma ba ta san sunan launinsu ba. Kuma launin bai zauna cikin layi ba, duk ya zame gefe. A ƙasa akwai farin fili kamar faɗin yatsa huɗu, da wani ƙwarzanen fensir a kai, sai wani tabo mai maiƙo a kusurwar dama.

"Kalanda ce?"

"Ba kalanda ba ce. Wani Bature mai haƙa rijiyar burtsatse ne ya ba Baban Charity, lokacin yana yi masa wanki da guga, kafin ya samu aikin gwamnati. Da zai tafi ƙasarsu ya ce kada ya kuskura ya sayar da arha. Baban Charity kullum cewa yake, Selina, in na riga ki, wannan hoton injin niƙa ne."

"Injin niƙa?"

"Haka ya ce. Da shi nake so in riƙe yaran nan a gida. Ni ban iya noma ba, Yaya."

Hannatu ta sake kallon hoton, ta kalli Selina ko wasa take. Ba wasa a fuskarta. Da wata ce da ta faɗi gaskiya ta ce ban san kan wannan ba. Amma mace mai shekara ashirin da biyu a sana'a ba ta iya furta wannan a gaban bazawara mai jan ido, sai bakinta ya riga ta.

"Maman Charity, kwantar da hankalinki. In dai akwai inji a cikin takardar nan, ni zan fito miki da shi kafin ki hau mota."

Saura mako biyu Selina ta tafi.

Kwana uku Hannatu tana yawo da falankin nan a ka, gida gida, kamar mai tallan tabarma. Matar wani ɗan kwangila ta ce da a ce hoton Ka'aba ne ko na furanni da ta saya. Talatu mai abinci ta ce ai wannan injin bugawar ne ya lalace, shi ya sa launi ya zube, aka jefar Bature ya tsinta. Kawu mai shayi na bakin tasha ya goge hannu ya duba da kyau, ya yanke hukunci cewa tallan kamfanin dutsen guga ne, irin wanda ake ba masu shago kyauta.

"To ina sunan kamfanin?" in ji Hannatu.

Kawu ya nema sama da ƙasa bai gani ba. "To ai shi ya sa kamfanin ya karye," ya ce, ya koma kan tukunyarsa.

Abin ya tsaya mata a rai. Hoton mutum, ta gane, ana ajiyewa don tunawa. Hoton masallaci don albarka. Amma mutum da hankalinsa ya zauna ya zana dutsen guga, bai ishe shi ba sai da ya maimaita sau shida, me yake nufi? Ko Baturen zolayar Hezekiah ya yi, ya ga mai guga ne ya ba shi hoton kayan aikinsa ya tafi yana dariya? Ta jingina shi a bangon ɗakinta tana cin tuwo tana hararar sa. Har ta fara jin haushin marigayin, Allah Ya gafarta mata, da ya mutu ya bar mace da irin wannan zance.

Ranar Alhamis ta hau motar kasuwa zuwa Maigatari, don a can in abu bai samu mai saye daga Najeriya ba yakan samu daga Faransa, kamar yadda tsofaffi ke kiran tsallaken iyaka. Ta shimfiɗa kayanta a layin masu gwanjo, ta jingina hoton a jikin kabad ɗin Selina. Kujerun suka tafi kafin azahar, rishon ma haka. Hoton kuwa sai dai a tsaya a yi dariya a wuce.

Wajen la'asar wani dogon mutum mai rawani da farin tabarau ya zo wucewa, ya yi taku biyu, ya dawo. Hannatu ta san shi a ido. Abdurra'uf ne, Badamagare, wanda ke bin kasuwanni yana sayen tsofaffin takubba da ƙofofin sassaƙa yana kai wa Turawa a Yamai. Ya tsuguna gaban hoton ko sallama bai ƙarasa ba. Abin da Hannatu ta lura da shi, duwatsun gugan nan kallo ɗaya ya yi musu. Idonsa na kan farin gefen ƙasa, wajen ƙwarzanen fensir da tabon maiƙo. Ya cire tabarau, ya kai fuskarsa kusa, ya daɗe.

Hannatu ta ce a ranta, na gane ka. Duk mai saye haka yake, aibin kaya yake fara nema don ya karya kuɗi.

"Hajiya, ina kika samu wannan tablo?" in ji shi, yana nuna hoton.

Ta ba shi labarin Bature da Hezekiah a taƙaice. Ya ciro ɗan littafi daga aljihu ya kwafi wani abu yana duban gefen hoton.

"Nawa kika sa mishi?"

Ta shirya wa dariya, ta ma shirya abin da za ta mayar. "Mai shi injin niƙa take so."

Bai yi dariya ba. Ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa. "Ina da wani Nasara a Yamai da ya san kan irin waɗannan. Zan buga mishi waya daga Damagaram. In abin da nike zato ne, Hajiya, inji da ɗakin da za a kafa shi duka za su fito. Kada ki saida ma kowa. Alhamis mai zuwa war haka ina nan wurin."

Ya tafi ya bar ta baki buɗe. A mota tana komawa Gumel ta rungume falankin a ƙirji, ta hana wani mai akuya ya matso kusa da ita. Kanta ya ƙara kullewa, amma abu ɗaya ya fito mata sarai, kuma shi ne abin da ta sani tun tana yarinya a bayan uwarta. Mutumin nan ya ga datti, ya ga ƙwarzanen yara, ya daɗe yana kallon su, duk da haka ya ce inji da ɗaki. To ina ga an gyara? Kunya ma ta kama ta, da ta fitar da kaya kasuwa a haka, ita da ba ta taɓa yi ba.

Washegari ta gwada tsumma mai ɗan laima a kan tabon, ta ga takardar na neman tashi, ta bari. Ta ɗauka sai shagon Cindo mai firam, wanda ke sa wa hotunan alhazai da takardun shaidar makaranta gilashi. Cindo ya juya hoton yana tsaki.

"Inna, wanda ya buga wannan bai gama koyon aiki ba. Dubi yadda launi ya tsallake layi."

"Ba wannan na kawo ka gani ba. Gefen nan nake so ya fita, ka sa masa firam na gani na faɗa."

"Yankewa za a yi. Ai dama farin banza ne, ba hoto a wurin."

Ya ɗora ƙarfen awo, ya ja reza sau huɗu, tsaf. Ya kawo firam mai ruwan zinariya da gilashi, irin wanda ake sa wa hoton shugaban ƙaramar hukuma. Wallahi da aka gama, hoton ya fito, har masu wucewa suna leƙe. Hannatu ta biya daga lalitarta ba ta nemi ragi ba, don ta riga ta ƙudura wannan gudummawarta ce ga marayu. Da za ta fita ta tattara yankakkun gefen daga ƙasa, ta naɗe ta cusa a jaka. Takarda mai kauri ce, za ta yi ƙunshin allura.

Ta so ta kai wa Selina ta gani, sai ta fasa. Gara ta je mata da kuɗin inji a hannu gaba ɗaya. Da suka haɗu a bakin famfo Selina ta tambaye ta, sai ta ce, "Ki fara tunanin inda za ki kafa shi." Selina ta rufe baki da gefen zane, hawaye suka zubo mata, ta ce akwai wani fili kusa da cocinsu a gida.

Alhamis ta zo. Hannatu ta naɗe hoton a sabon zane, ta zauna a wurinta na makon jiya. Abdurra'uf bai jira la'asar ba, tun hantsi ya iso, da wata jakar fata a hammata wadda ya riƙe da hannu biyu. Suka gaisa a tsanake wannan karon, har da tambayar iyali.

"Nasara ya ce in kawo mishi," in ji shi. "Ina tablo?"

Ta warware zanen a hankali, tana kallon fuskarsa don ta ga lokacin da zai yi murna.

Ya kalla. Ya cire tabarau. Ya karɓi firam ɗin ya juya bayansa, ya sake juyo gabansa, ya sa ɗan yatsa yana bin ƙasan gilashin.

"An lanƙwasa gefen ciki ne?"

"An yanke. Ai na ga ya dame ka rannan."

Abdurra'uf ya zauna a kan kabad ɗin Selina ba tare da an ce ya zauna ba. Ya yi salati a hankali.

"Hajiya, rubutun nan na fensir shi ne hannun wanda ya yi hoton. Sunanshi ne da ya sa da kanshi. Lambar da ke gefe kuma, sha bakwai bisa sittin, tana nufin guda sittin aka buga a duniya, wannan shi ne na sha bakwai. Shi Nasara ke saye."

"Fensir ɗin?"

"Shi."

"Ba hoton ba?"

"Hoton ma. Amma in babu hannun, wa zai yarda ba a Kano aka buga shi jiya ba?"

Hannatu ta ji kamar ana yi mata magana da wani yare. "Tsaya, Malam. Ka ce akwai irinsa sittin?"

"Sittin."

"Iri ɗaya sak?"

"Sak."

"To abin da mutum sittin suke da shi, ina tsadarsa? Ni na san zanen da mace ɗaya ce ke da shi a gari, shi ne mai tsada. Kuma Cindo ya ce launin ma kuskure ne."

"Da gangan aka zamar da launin."

"Da gangan? Don me?"

Ya buɗe hannu. "Ni ma ban sani ba, Hajiya. Ni dai na san abin da suke biya."

Sai ta tuna. Ta zazzage jakarta a kan tabarma, goro da carbi da ƙullin kanwa suka watse, ta zaro naɗin takardar. Ta warware doguwar ta ƙasa, duk ta yi layin naɗi. Ga fensir ɗin nan, ga lambar, ga tabon, ba abin da ya goge.

"Ga shi. Ba abin da ya ɓata. Ga hoto, ga hannu. Cindo zai liƙa, ko layin ba za a gani ba."

Abdurra'uf ya karɓa ya duba, kuma ta ga tausayi a idonsa, abin da ta fi tsana daga mai saye. "Ko an liƙa, Nasara zai ce an ɗauko hannun daga wani wuri an manna. Ba zai taɓa shi ba."

"Amma kai ka gani da idonka a haɗe."

"Na gani. Ba ni ne mai saye ba."

Ta riƙe firam a hannun dama, tsirin takarda a hagu, tana duban wannan tana duban wancan. Abu biyun nan su ne dai na makon jiya. Ba wanda ya ci, ba wanda ya ƙone. Makon jiya inji ne da ɗaki, yau kuma reza ta bi tsakaninsu sau ɗaya an ce ba komai ba ne. Ta nemi inda injin ya bi ya fita ta rasa.

"Yanzu nawa za ka saya?" ta ce.

Ya miƙe ya gyara jakarsa a hammata. "Firam ɗin yana da kyau," ya ce. "Allah Ya ba da kasuwa."

Ranar Juma'a ba ta fita ba. Ta yi tunanin ta ce wa Selina mai sayen bai zo ba, ta yi tunanin ta ce dama Baturen ƙarya ya yi, kuma ba wanda zai musa, gari duka ya riga ya yi wa hoton dariya. Amma ta riga ta ce wa matar nan ta nemi wurin kafa inji. Ranar Asabar da safe ta ɗauki hoton ta nufi tasha.

An riga an ɗaure kayan Selina a saman mota, yaran suna ciki. Da ta hango Hannatu ta taho da sauri tana murmushi, sai ta ga abin da ke hannunta, ta rage tafiya. Hannatu ba ta yi kwana-kwana ba. A tsaye a gefen mota ta faɗa mata duka, da Abdurra'uf, da jakar fatar da ya zo da ita, da Cindo, da reza.

"Ni na sa aka yanke, Maman Charity. Ba wanda ya sa ni. Gyara na yi niyya. Mijinki gaskiya ya faɗa miki, akwai inji a ciki, ni na fitar da shi."

Selina ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi ɗaya daga ciki da Hannatu ta fi samun sauƙi. Ta karɓi firam ɗin ta dube shi kamar ba ta taɓa ganin hoton ba. Idonta ya sauka kusurwar dama ta ƙasa.

"Ina wurin da ya yi baƙi?"

Hannatu ta ciro tsirin takardar ta miƙa mata. Selina ta warware, ta wuce sunan, ta wuce lambar, ta tsaya a kan tabon.

"Ƙusar bangonmu ba ta da ƙarfi," ta ce. "Da an rufe ƙofa sai hoton ya karkace. Kullum da safe in zai tafi aiki sai ya sa babban yatsa a nan ya daidaita shi. Shekara goma sha ɗaya. Na sha ce masa ya canja ƙusar."

Ta ɗora nata yatsan a wurin. Direba ya danna ham, kwandasta yana kiran mai kujerar baya. Selina ta buɗe jakarta ta ciro Littafi Mai Tsarki, ta naɗe takardar a kan layin da Hannatu ta riga ta yi, ta sa a tsakiya ta rufe. Ta miƙa wa Hannatu firam ɗin.

"Riƙe wannan, Yaya. Gilashi ne, zai fashe a hanya."

"In na sayar zan aiko miki."

"To," in ji Selina, ta hau mota. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Motar ta tashi, Hannatu na tsaye da duwatsun guga shida a ƙirji har ta sha kwana.

Hoton bai sayu ba. Yana nan a bangon ɗakin Hannatu, in baƙuwa ta tambaya mene ne wannan sai ta ce ita ma ba ta sani ba.

Bayan kwana huɗu Lauratu matar liman ta aiko mata da tsohuwar tukunyar ƙarfe ta uwarta a sayar. Gindin ya yi baƙi ƙirin, hannunta ɗaya ya sha riƙo har ya yi santsi. Hannatu ta fito da ita tsakar gida yadda ta saba, ta ɗebo toka, ta jiƙa soso, ta tsuguna. Ta kai hannu za ta fara, sai ta tsaya.

Maƙwabciyarta Murja ta leƙo neman aron turmi, ta koma, ta sake dawowa bayan ta gama daka, ta same ta a tsugune yadda ta bar ta, tokar ta bushe a hannunta.

"Inna Hannatu, lafiya? Ba za ki wanke ba ne?"

Hannatu ta ɗago ta dube ta. "Je ki tambayo mini Lauratu," ta ce. "Ki ce ina ne za a wanke, ina ne za a bari."